Neman Fuskar Odell Gaskin

Odell Gaskin ya shekara arba'in yana yi wa mutanen gundumar Tarpley rufin gidaje, amma da ya mutu sai aka rasa hotonsa guda ɗaya da za a kafa a gefen akwatin gawa.

Ba hotuna ne babu a gidan ba. Akwai su cike da kwalin takalmi. Matarsa Verna ta zazzage su a kan teburin kicin, ita da 'yarsu Charlene suka shiga ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Ga bayan Odell a kan rufin kanti. Ga ƙeyarsa a kan rufin makaranta. Ga tafin takalminsa a kan tsani. Ko a hoton aurensu, Verna ce tsaye a ƙofar kotu da farar riga, a gefenta kuma kafaɗa da rabin kunne, domin daidai lokacin da mai hoto ya danna, ango ya juya yana duban indararon ginin.

Ba tsoron hoto yake yi ba. Tsayuwa ce bai iya ba. In aka ce ya tsaya ya kalli nan sai ya ce to, kafin a gyara hannu idonsa ya hango wani kwano da ya ɗaga. Magana ma haka. Mai gida zai tsaya yana yi masa bayanin yoyo tun daga ranar da aka aza harsashin ginin, shi kuwa ya riga ya jingina tsani. In ya sauko aka tambaye shi me ya gani, sai ya ce, "Ya daina." Rabin gundumar nan albarkacinsa suke kwana a bushe, amma da za ka tara su ka ce su faɗi launin idonsa, sai dai su faɗa maka launin wandonsa.

Kowa ya ɗauka daga sama zai faɗo wata rana. A kan kujera ya mutu. Likita ne ya ce masa zuciyarsa ta gaji, ya je gida ya zauna ya huta. Ya je gida ran Litinin, ya ci abincin rana, ya zauna. Verna ta ce wannan ne karo na farko da ya bi maganar likita, ga kuma abin da ya samu.

Wasiyyarsa ɗaya ce: a rufe akwatin, kada jama'a su gan shi kwance da rana tsaka. A Tarpley kuwa in an rufe akwati sai an kafa babban hoto a gefensa, a kuma buga ƙarami a takardar da ake raba wa mutane a ƙofar coci. Jana'izar da ba hoto, za a ce iyalin ba su damu da mamacin ba, ko kuma akwai abin da suke ɓoyewa. An sa jana'iza ran Asabar. Mista Hobart, mai gidan shirya gawa, ya zo har gida da baƙar rigarsa da muryar nan tasa mai laushi, ya ce lallai hoto ya iso hannunsa kafin yammacin Juma'a.

"Lasin tuƙinsa fa?" in ji shi.

Verna ta miƙa masa. Odell ya daɗe yana shafa kwalta da shi a kan ƙusoshi, wai ba abin da ya kai shi daidai hannu. Inda fuska take sai wani baƙin dunƙule.

"Ai ofishin lasin suna da nasu," in ji Charlene. Ita a banki take aiki, ta yi imani kowace matsala akwai tagar da ake zuwa a warware ta.

"Suna da shi, amma ba a wannan makon za ku gan shi ba, in ma za su bayar," in ji Mista Hobart. "Haka ƙasar take, Mis Verna. Mutumin kirki gwamnati kulle fuskarsa take yi kamar zinariya. Wanda aka taɓa kamawa kuwa, ko ɗan akuya ya je ya tambayi hotonsa sai a buga masa."

Ya faɗa ne don a ɗan murmusa. Verna ba ta murmusa ba. Ta ajiye kofin shayinta mai ƙanƙara ta ce, "An taɓa kama shi."

"Mama, a'a," in ji Charlene.

"An ɗauke shi hoto a ranar. Gaba da gefe. Dole ya tsaya, da ankwa a hannu."

"Mama, ubana ne fa. Ba za a kafa shi a gaban coci da allon lamba a ƙirji kamar ɓarawon shanu ba."

"To kawo naki."

Charlene ta dubi kwalin, ta dubi ƙeyar ubanta a kan rufin makaranta, ta ture hoton gefe.

Labarin kamun nan babu wanda bai san shi ba a garinsu na Minter, domin Verna ce ta sa aka kama shi. Lokacin tana budurwa a gidan ubanta, tsoho Lacey, a gonarsu ta bayan gari. Guguwa ta zo ta kwashe rabin kwanon gidan, tsohon yana asibiti an yi masa aiki a gwiwa. Odell, wanda ba su taɓa sani ba, ya zo wucewa a tsohuwar motarsa. Ya ga rufi a buɗe, ya ga wani hadarin yana haɗowa. Ya ƙwanƙwasa ƙofa, ba kowa. Sai ya jingina tsani ya hau.

Verna ta dawo daga asibiti ta ga ƙaton namiji a kan gidansu da guduma. Ba ta yi ihu ba. Ta lallaɓa ta janye tsanin ta kwantar a ciyawa, ta shiga ta kira ofishin sherif, shugaban 'yan sandan gunduma, sannan ta fito da bindigar ubanta ta kifa bokiti ta zauna tana gadinsa. Ya leƙo sau ɗaya, ya ga ba tsani, ya ga bindiga, ya ce, "Miƙo mini ƙusa, suna cikin mota." A faɗarta, ko kallonsa ba ta yi ba.

Ɗan sandan da aka turo sabon ɗauka ne, sunansa Wendell Pike. Ya mayar da tsanin, ya ce Odell ya sauko da sunan doka. Odell ya ce saura layi biyu. Wendell ya sake faɗa da ƙarfi, hannu a ƙugu. Odell ya ce saura layi ɗaya. Da ya gama ya sauko, ruwa ya ɓarke, aka sa masa ankwa bisa laifin hawa gidan mutane ba izini da ƙin jin maganar hukuma. A makon jaridar gari ta buga sunansa a shafin da take jera waɗanda aka kama, wanda shi kaɗai ne shafin da mutanen Tarpley suke karantawa har ƙasa. Da aka sallami tsoho Lacey ya tarar da gadonsa a bushe, sai ya dogara sanda ya je kotu ya janye ƙara. Ya dawo ya ce wa 'yarsa, mutumin da zai yi rufi irin wannan da bakin bindiga a ƙarƙashinsa ba a barin wasu su riga mu. Shekara na zagayowa aka yi aure.

An janye ƙara, amma kamu ba ya goguwa don kansa. A nan in an rubuta an kama ka, ko alƙali ya wanke ka da sabulu rubutun yana nan, kuma na kowa ne. Mai ɗaukar aiki yana dubawa, mai ba da haya yana dubawa, uwar budurwa tana dubawa tun saurayi bai gama gaisuwa ba. An sha ce wa Odell ya je ya nemi a shafe nasa tunda ba a same shi da laifi ba. Ya ce sai ranar da ba aiki. Ranar ba ta zo ba. Hoton kuwa Verna ba ta taɓa gani ba, don a wancan zamanin suna kawai jarida take bugawa.

Charlene ta ce in dai sai an yi, to a yi daga gida, kada a gan su suna zarya a ofishin 'yan sanda a makon makoki. Ta buɗe shafin sherif a wayarta. Fuskoki suka jeru, kowa da sunansa da abin da ake tuhumarsa a ƙasa. Verna ta sa tabarau ta matso.

"Wannan ba jikan Mis Eula ba ne, mai ja mana waƙa a coci? Ta ce mana ya tafi aikin jirgin ruwa."

"Mama, ba shi muke nema ba."

"Ɗan ja sama. Ga wanda ya gyara mana famfo. Ya yi ƙiba."

Shafin bai koma baya ya wuce lokacin da aka kawo wa ofishin kwamfuta ba. Charlene ta gwada irin shafukan 'yan kasuwan nan masu alkawarin tono asirin kowa in ka biya. Suka kawo mata Odell Gaskin har uku. Ɗaya ya saci kwale-kwale a wata jiha, ɗaya ko gemu bai fito masa ba, na ukun mace ce.

Washegari Verna ta sa rigarta ta zuwa coci, ta ɗauki makullin motar Odell. Charlene ta bi ta da baƙin tabarau mai rufe rabin fuska, ta nutse a kujera har kanta bai kai taga ba. Tsanin yana ɗaure a saman motar, sunan Gaskin kuma a rubuce a ƙofa da jan fenti, don haka duk wanda suka wuce sai ya ɗaga hannu.

A ofishin sherif akwai taga ta masu neman bayanan kamu. A bayan gilashin wata mata ce mai suna Tanya tana taunar cingam. Verna ta san uwarta.

"Mis Verna, na ji rasuwa. Allah ya ba da haƙuri. Shi ya yi wa kakata rufi."

"Kin san fuskarsa?"

Tanya ta yi ɗan tunani. "Yana da jar hula."

"Hoton kamunsa nake so."

Tanya ta rage murya ta matso da bakinta kusa da ramin gilashi. "Na gane. Iyalai duk haka suke zuwa. Amma gogewa ba a nan ake yi ba, sai kin bi ta..."

"Wa ya ce miki a goge? A ƙara masa girma nake so. Kamar tagar nan taki."

Taunar cingam ta tsaya.

"Na tarihin iyali ne," in ji Charlene da sauri. "Muna haɗa bayanan kakanni."

"Na jana'iza ne," in ji Verna.

Tanya ta turo takarda ta ƙasan gilashi. Suna, ranar haihuwa, lokacin da aka yi kamun. Verna ta cike, ta juya takardar tana neman wurin da za ta rubuta dalili.

"Babu," in ji Tanya. "Doka ba ta ce ki faɗi dalili ba. Jiya ma wani ya zo ya karɓi na surukinsa, wai zai liƙa a jikin firiji kafin a zo cin abincin Kirsimeti."

Ta danna kwamfuta, ta sake dannawa, ta ce ba shi a ciki. Tsofaffin takardu an kwashe su tuntuni an kai ɗakin ƙasa na kotu. Su je wurin magatakarda.

Magatakardar kotu doguwar mace ce da ba ta ɗaga kai in tana magana. Ta shiga ciki ta daɗe, ta fito da wani siririn fayil. Takarda ɗaya ce a ciki. Ta karanta musu da muryar da take karanta hukuncin kisa: "An janye. Mai ƙara ya ce rufin ya yi kyau."

"Hoton fa?" in ji Verna.

"Kotu magana take ajiyewa. Fuska ta 'yan sanda ce."

"Su suka turo mu nan. Sun ce kwalayensu suna ɗakinku na ƙasa."

"Suna nan. Shekarar ambaliya ruwa ya kai wuya a ɗakin. In kina son gani sai in nuna miki, amma duk gundumar ta zama dunƙule ɗaya. Mai kisa da mai satar kaza sun manne."

A mota Charlene ta cire tabarau a karo na farko. Ta ce sun yi iyakar ƙoƙarinsu, Allah ya gani. Ba ta rufe baki ba Mista Hobart ya kira. Ya ce kada Mis Verna ta wahalar da kanta, yana da wani kyakkyawan hoto da yake ba iyalan da suka rasa, farar kurciya tana tashi cikin gajimare.

"Odell ya tsani kurciya," in ji Verna. "Kashinta ke cin kwano." Ta kashe wayar, ta ta da mota. A ranta ba ta ga laifin kowa ba. Kowace taga ta faɗa mata gaskiya, amma gaskiyar ba ta da fuska. Shekara arba'in tana jin mutumin nan a saman kanta yana buga guduma, tana ganinsa da daddare a gajiye ya kifa kai a faranti. Ba ta yarda a binne shi gari bai taɓa kallonsa ido da ido ba.

Ran Alhamis ta je neman wanda ya sa ankwar. Wendell Pike ya daɗe da yin ritaya. Kullum yana gidan abincin da ke kusa da gada, a teburin tsofaffi, da kofin kofi ɗaya da yake jan sa tun safe har rana. Ya ga Verna ta shigo ya ɗaga hannaye biyu sama.

"Ku kwanta, ga mai bindiga."

"Sauke hannunka, tsoho, kafin kafaɗar ta maƙale."

Ya yi mata ta'aziyya yadda ya kamata, ya ja musu kujeru, ya sa aka kawo burodin masara. Ya dubi Charlene. "Ke ce ribar kamun nan. A duk aikina ke kaɗai ce abin kirkin da ya fito daga ankwata."

Charlene ta rasa ko godiya za ta yi.

"Uwarki ta gaya miki ita ta miƙa masa ƙusa?"

"Ƙarya kake," in ji Verna.

"Da idona na gani. Na iso, bindiga a cinya, tana cilla masa ƙusa da hagu. Har tana ce masa ya kula da wajen bututun hayaƙi."

"Tsufa ya cinye maka kai. Hoton da kuka ɗauke shi nake nema. An ce ruwa ya cinye a kotu."

Wendell ya girgiza kai. Ya ce waɗanda suka faɗa mata haka ba a haife su ba lokacin. Takardun ƙara ne aka kai kotu. Katunan hoto ba su taɓa barin tsohon gidan yari ba, suna can a ɗakin baya, cikin durowar ƙarfe. Ginin yanzu gunduma tana tara fitilun Kirsimeti da karyayyun allunan hanya a ciki.

"Ai ginin nan ya rufta," in ji Charlene.

"Gaba ya rufta. Ɗakin baya ko ɗigo bai taɓa shiga ba." Ya kurɓi kofinsa da ya huce. "Ranar da muka sake shi, washegari sai ga mutumin ya dawo da tsani. Ya hau kan gidan yarin. Na ce a sake kama shi, sherif ya ce in na taɓa shi kafin ya gama ni za a kulle."

"Wa ya sa shi?" in ji Verna. Wannan ba ta taɓa ji ba.

"Wa ya sa shi a gidanku?"

Makullin yana ofishin sherif, kuma ko da bayanan na kowa ne, ba a barin kowa ya tona durowa da hannunsa. Sai da safiyar Juma'a aka ba Tanya izini ta raka su. Ta zo da tocila da takalmin da bai dace ba, tana cewa ita ba a ɗauke ta aikin kama ɓera ba. Suka ratsa ta cikin tulin fitilu da wani ƙaton mutum-mutumin barewa mai karyayyen ƙaho, Wendell yana gaba yana nuna inda ya taɓa kulle wane da wane, yawancinsu yanzu dattawan coci ne. A ɗakin gaba ana ganin sama ta cikin rufi. Ɗakin baya kuwa ƙura ce kawai, busasshiya.

Tanya ta ja durowa ta shiga tura katuna da yatsa. Ta wuce kawun wani, ta wuce tsohon shugaban makarantarsu, ta ɗan tsaya a kan wani ta ce, "Kai, Baba," ta wuce. Sannan ta zaro kati ɗaya ta haska shi.

Saurayi ne. Gashinsa baƙi, a jiƙe, ya manne a goshi. Kwalta a kumatu ɗaya. Wuya kamar turmi. Allo mai lamba a ƙarƙashin haɓa. Fuskar gaba ɗaya tana nan, ba abin da ya kare ta, sai dai idanun ba mai hoto suke kallo ba. Sama suke kallo, can gefen dama. A hoton gefe ma haka.

"Sau uku muka ɗauka," in ji Wendell. "Na ce kalli nan. Ya ce to. Silin ne ke ɗiga a bayan kaina. A na ukun sherif ya ce a bar shi haka, fim ba kyauta ba ne."

Verna ta karɓi katin ta riƙe da hannu biyu. Ta manta yana da wannan gashin. Ta manta ranar da ya leƙo daga kan gidan ubanta, abin da ta fara lura da shi ba gudumar ba ce.

Charlene ta leƙa ta kafaɗarta. "Hancina ne," in ji ta.

"Naki ne nasa."

Hoton baƙi-da-fari ne, don haka launin idon har yau Verna ce kaɗai ta sani. Katin na gunduma ne, ba a fita da shi. Suka koma ofis Tanya ta buga kwafi mai kyau, ta dangwala masa hatimi a baya, ma'aikatan duk suka taso suna leƙe. Kafin yamma yana hannun Mista Hobart.

Shi kuma ya ce abu ne mai sauƙi, zai yanke allon daga ƙasa, ba wanda zai sani. Charlene ta ce yawwa. Verna ta ce a'a.

"Mama, mutanen banki za su zo."

"Su zo. Ba don allon nan ba da ba a haife ki ba, balle ki samu banki."

Aka yi ta ja har Mista Hobart ya raba: ƙaramin da za a raba a ƙofa a yanke, babban a bar shi yadda yake, amma a tara furanni a gindinsa har su kai haɓa.

Ran Asabar coci ya cika, gari ya yi duhu da hadari. Mutane suka shigo a jere suna tsayawa a gaban hoton. Wasu suka duba takardar hannunsu don su tabbatar jana'izar da suka zo ce. Mis Eula mai jan waƙa ta daɗe a tsaye, sannan ta ce wa ta kusa da ita, "Ashe haka yake. Da na sani da na riƙa ce masa ya sauko ya sha ruwa."

Kafin a fara, Verna ta tashi ta kama abin jingina hoton ta ɗan juya shi, ta koma baya ta duba, ta sake matsar da shi kaɗan. Mista Hobart ya ɗauka haske take gyarawa. Bara ne kwamitin cocin ya ba wani kamfani daga birni aikin sabon rufi, wai Odell ya tsufa. Da aka gama Odell ya zo ya zaga ginin sau ɗaya ya ce, "Zai yi yoyo." Tun daga nan kwamitin yake zama a kan maganar.

Fasto Dillard sabon zuwa ne, bai taɓa jin kalma goma daga bakin Odell ba, amma shi yana da su da yawa. Ya hau mumbari ya nuna hoton.

"'Yan'uwa, ku dubi idanun bawan Allah nan. Tun yana saurayi ba ƙasa yake kallo ba. Ba dukiya yake kallo ba. Sama yake kallo. Ina roƙonku, ku bi idanunsa ku ga abin da ya gani."

A layin baya akwai tsofaffin abokan aikin Odell, cikin rigunan kwat da suka matse su. Mutane ne masu yin abin da aka ce. Suka bi idanun. Daga hoton suka tashi, suka hau gefen dama, suka sauka a kan wani faffaɗan tabo ruwan ƙasa a silin, daidai saman mumbari. Ruwa ya riga ya sauko a waje. Tabon ya yi ciki. Ɗigo na farko ya faɗo a kan takardar wa'azi. Na biyu ya sami Fasto a tsakiyar kai.

Wendell ya kama tari har sai da aka buga masa baya. Charlene ta sa hankici a baki, kafaɗunta suna rawa, mutanen banki suka ce kuka take yi. Da aka tashi ɗaukar akwati, ita da kanta ta je ta kwashe furannin gindin hoton ta ɗora a kan akwatin, allon ya fito fili da lambarsa. Rabin masu ɗaukar gawar ma suna da irinsa a durowar ƙarfen nan.

An dawo daga maƙabarta ruwa ya ɗauke. Mata suka jera soyayyen kaza da wake da burodin masara a zauren coci, 'yan kwamiti suka keɓe a lungu suna shawarar ranar da za su zauna. Ba su gama ba aka ji guduma a sama. Tsofaffin layin baya sun kwance tsanin daga motar Odell, sun rataye kwat ɗinsu a shinge, sun hau.

Wendell ya fito da cinyar kaza a hannu. Ya tarar da Verna a gindin tsani, ta kifa bokiti ta zauna da baƙar rigarta, kwalin ƙusa a cinya, tana cillawa sama da hagu.

Ya juya ya kira Charlene. "Zo ki gani da idonki."

"Matsa daga nan, tsoho," in ji Verna. "Kana tare mini hannu."